Saiwar Baƙdunis

Ni ɗan lambu ne, jikan ɗan lambu. A bakin kogin Wudil na buɗe ido na ga mahaifina yana ban ruwa, don haka ba ni da gaba da ganye. Amma akwai guda ɗaya da har yau in na hango shi a kasuwa sai na kau da kai. Matan birni faski suke ce masa yanzu, suna yayyanka shi a kan shinkafa don ado. Ni da sunan baƙdunis na fara jin sa, a Salaga ta ƙasar Gana, ina saurayi, kuma sai da ya gasa mini aya a hannu kafin in gan shi da idona.

Wurin ƙanen mahaifiyata na je, Kawu Mamman. Tun yana yaro aka kai shi can wajen danginmu jikokin fataken goro, ya girma ya zama mai fataucin doya. Lokacin ba a daɗe da korar baƙi daga Nijeriya ba, saboda haka duk inda na buɗe baki aka ji Hausar Kano sai wani ya ce, "Ku ne kuka kore mu, yanzu ka zo cin doyanmu?" Na koyi yin shiru, ni da a gida ake kira da mai bakin tsiya. Aikina lodin doya a mota. 'Ya'yan Kawu duk mata ne kuma duk suna gidajen aurensu, daga shi sai matarsa Mma Hawa sai ni a gidan.

Ban cika shekara ba ciwon tsakuwa ya kama shi. Fitsari ya zame masa yaƙi. Ni nake ɗaga shi in kai shi bayan gida, ya dafa bango yana gumi yana salati, abin da zai fito ɗigo ne gauraye da jini. Mun kai shi asibiti, suka ce sai an yi aiki. Yana jin an ambaci wuƙa ya ce a mayar da shi gida, shi ba ragon layya ba ne. Na yi magiya, Mma Hawa ta yi kuka, ya juya fuskarsa bango.

A nan ne Alhaji Baƙo ya shigo cikin zancen. Maƙwabcinmu ne, dattijo, wanda ya taɓa zuwa Makka ta ƙasa ya yi shekaru a Sudan, kuma tun daga nan babu maganar da yake farawa ba da "a Makka" ba. Ya zo dubiya, ya zauna, ya gyara rawani, ya ce wa Kawu, "Mamman, wannan ai ba ciwo ba ne. A Makka ba a kwana da shi. Saiwar baƙdunis za a dafa maka, tsakuwar ta narke kamar kanwa a ruwa. Ka ji na ce saiwa, ban ce ganye ba."

Na ce, "Alhaji, yaya kamanninsa yake?"

Ya ce, "Kore ne."

Na ce, "Alhaji, duk ganye ai kore ne."

Ya harare ni ya ce, "Yaro, matambayi ba ya ɓata. Ka nufi arewa, wajen masu lambu."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kawu ya juyo daga bango, karo na farko cikin kwanaki, ya dube ni ya ce, "Haladu, ka ji." Shi ke nan abin da ya faɗa. Mma Hawa ta ƙulle mini gari da ƙuli-ƙuli, ta raka ni zaure ta ce, "Ɗana, don Allah kada ka daɗe."

Motar doya ce ta kai ni Yendi ta hanyar Bimbila, ina bisa kaya, rana tana dafa mini ƙeya. A kasuwar Yendi na bi masu ganye layi-layi ina faɗin sunan. Wata ta yi dariya ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji, wata ta zaci sunan mutum ne da ya ɓace mini. Can gefen kasuwa, ƙarƙashin wata bishiya, na tarar da mai magani ya baza fatu da ƙahoni da kwalabe. Shi ko ido bai ƙifta ba. Ya ce, "Baƙdunis? Akwai. Kai ya yi sa'a, ɗaya ya rage." Ya shiga bayan bishiyar ya fito da ƙullin busassun saiwoyi a cikin tsumma. Kusan duk kuɗin guzurina ya karɓe, ni kuwa har da yi masa addu'a.

Ina tasha ina jiran motar komawa na zauna wurin wani tsoho mai shayi, Baba Seidu. Murna ta hana ni riƙe bakina, na ba shi labari. Ya ajiye butarsa ya ce shi ya yi shekaru yana kuku a gidan wani Kwara, irin fararen Larabawan nan 'yan kasuwa, a Kumasi, kuma baƙdunis kullum sai ya yanka shi, don mutanen nan suna cin sa kamar awaki. Ya ce in kwance ya gani. Ya sunsuna, ya gutsuri kaɗan ya tofar, ya miƙo mini. Na ɗanɗana. Saiwar gwanda ce. Ni, ɗan lambu, wanda akwai gwanda a bayan ɗakin da aka haife ni, ni aka sayar wa saiwar gwanda. Kunya ta fi haushin yawa, amma haushin ne ya tashe ni tsaye.

Na koma wurin mai maganin na jefa masa ƙullinsa. Ya dubi ƙullin ya dube ni, a natse ya ce, "Kai ya buɗe shi a gaban mutane?" Na ce na buɗe. Ya tafa hannu ya juya ga 'yan kallo. "To kun ji! Ya buɗe a tasha, ido ya faɗa kai, magani ya juye ya koma gwanda. Laifin wa?" Abin da ya fi ƙona mini rai, mutane suka shiga gyaɗa kai. Na cakumi wuyan rigarsa, sai na ji wani daga baya ya ce, "Ɗan Nijeriya ne fa." Na duba fuskokin da suka kewaye ni, na sake shi. Baƙo ba ya cin shari'a a kasuwar wasu.

Baba Seidu ne ya tsince ni. Ya haɗa mini shayi da burodi bai karɓi komai ba, ya bar ni ina kwana a rumfarsa ina wanke masa kofuna. Ya zana mini ganyen a ƙasa da tsinke, ya ce ya yi kama da na karas amma ya fi faɗi, kuma in na murza shi hancina zai gaya mini. Ya ce Mosawan da ke lambu a Bawku suna shuka shi saboda Turawa. Shi ya roƙar mini wani direban motar masara ya ɗauke ni a bakin in yi masa lodi da sauke. Sai dai motar tana kan duwatsu, an cire mata ƙafa ana jiran wani ƙarfe daga Tamale. Kullum direban ya ce gobe. Na zauna ina kallon goben nan tana wucewa, ina tuna Kawu dafe da bango, ina tambayar kaina wa yake ɗaga shi yanzu.

Da muka tashi ma tsugune ba ta ƙare ba. A Gushegu muka sauke rabin kaya muka ɗora wasu. A gangaren dutsen Nakpanduri direban ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, don birkin motarsa sai da addu'a yake kamawa. Muka bi ta a baya cikin zafin bazara, tana tafe tana gurnani. Bayan mun wuce Garu na fara hango lambunan albasa, iska ta kawo mini ƙamshin ƙasar da aka yi wa ban ruwa. Nan kewar gida ta taso mini gaba ɗaya. Na tuna mahaifiyata tana tsinke lansir a tire, na sunkuyar da kai cikin buhunan masara don kada a ga idona.

A Bawku ban sha wahalar tambaya ba, zanen Baba Seidu ya yi aiki. Masu albasa suka nuna mini wani lambu da aka kewaye da karan dawa a bakin busasshen rafi, suka ce in nemi Mma Poko. Tsohuwa ce Bamosa, mijinta ya rasu, gajeruwa, da ƙaton kare a bayanta. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ja ni ƙarshen lambun. Ga shi nan, fangali ɗaya tak, bai fi shimfiɗar buzun salla ba. Ta tsinki ganye ta murza ta kai mini hanci. Na tsaya ina kallon abin da ya raba ni da Salaga, ɗan ganyen da akuya za ta share a loma biyu.

Ta ce, "Ɗan Kano, ɗiba. Cika jakanka. Mara lafiya ba ya biya."

Na yi godiya, na tsugunna na sa hannu a gindin guda zan tuge. Ta doke hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Ganye, ɗauka. Gindi, a'a!"

Na ce, "Mma, saiwar aka aiko ni."

Ta ce, "Ba a cire wannan daga ƙasa. In an cire, mutum zai mutu."

Na yi dariya, na zaci ciniki take ja. Ba ciniki ba ne. Ta ba ni labari da Hausarta mai ɗingishi. Mijinta ya yi kuku a gidan wani Nasara a ƙasar Mosi, can ya samo irin, can kuma matar Nasaran ta gargaɗe shi: wannan ganye inda ya tsiro nan yake tsufa, ba a tuge shi, ba a sauya masa wuri, ba a miƙa gindinsa kyauta. Wata shekara ruwan rijiyarsu ya ja baya, ita Poko ta ce camfin Nasara ne, ta tuge dashen ta mayar kusa da ruwa. Kafin damina mijin ya kwanta, bai tashi ba.

Wani zai ce me ya hana ka ɗebi ganyen ka kama hanya? Ai wanda bai tashi a cikinmu ba ne zai yi wannan tambaya. A wurinmu ganye na miya ne, saiwa ita ce magani. Ban taɓa ganin mahaifina ya dafa wa mara lafiya ganyen abin da yake da saiwa ba. Ga shi Alhaji ya faɗa a gaban Kawu, Kawu kuma ya ji da kunnensa. In na koma da ganye bayan duk wannan tafiya, a idonsa hannu rabbana na dawo. Na ce a raina tsohuwa ce, kwana biyu zan shawo kanta.

Na zauna ina yi mata ban ruwa. Aikin da na iya ke nan, kuma ta ga na iya. Ina jan guga ina yi mata wa'azi. Na ce ajali na Allah ne, ganye ba ya kashe kowa. Ta ce, "Allah ya sani. Amma ba mijinka ne ya mutu ba." Na cire agogona na miƙa mata, ta tambaye ni ko agogo yana tayar da matacce. Na ce to ta ba ni iri in shuka nawa. Ta ce in ɗiba, amma in sani irin nan sai ya gangara ƙarƙashin ƙasa ya gaida Iblis sau bakwai kafin ya leƙo, wata guda ana zuba ruwa a kan ƙasa tsirara, saiwa kuwa sai bayan watanni. Ni da na saba da lansir, wanda in ka watsa yau jibi ya yi kore, na ji kamar in kurma ihu.

Ita kuwa ko a jikinta. Tana aiki tana karanta mini amfaninsa, kamar na tambaye ta. Mai warin baki ya tauna. Wanda zuma ta harba ya murza ya shafa. Mai kumburin ƙafa ya dafa ya sha, zai yi ta fitsari. Mai ciki kada ta kusance shi da yawa, mai yaye kuma ta ɗora a ƙirji nono ya ja baya. Na ce, "Mma, duk wannan ganyen ne yake yi?" Ta ce ganyen ne. Na ce to saiwar ai sai ta fi. Ta yi tsaki ta miƙo mini tuwo. Wannan tuwon nata shi ya ɗaure ni. Ba sau ɗaya ba na dubi fangalin nan ita tana can bakin rijiya, hannuna yana ƙaiƙayi. Amma a gidanmu babu abin ƙyama kamar ɓarawon lambu, balle lambun wadda take ciyar da kai. Kwana biyun da na ɗiba suka haura mako, na rame, na fara yi wa karenta tsawa ba laifin komai.

Wata safiya na same ta ta ɗaura zane mai kyau, ta ɗora kwandon albasa a ka. Ba ta dube ni ba, shingen take yi wa magana.

"Yau kasuwan Garu. Ni zai tafi. Kare zai bi ni. Ba kowa a lambu sai yamma. Abin da ɓarawo ya ɗauka, ba ni ya ba shi ba."

Na ce, "Mma, sata kike so in yi?"

"Ni bai ce komai ba."

Raina ya ɓaci. Na ce in da wannan hanya, me ya sa ba ta faɗa tun ranar da na zo ba, ta bar ni ina ta jan guga mutum yana can yana mutuwa? Sai a lokacin ta juyo. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Don abin yana bin wanda ya cire, har gidansu. Kai yaro ne, uwarka yana jiranka. Ni bai so ba. Amma ka ƙi ci, ka ƙi barci. To." Ta kira karenta suka tafi.

Da rana tsaka na tuge guda biyar ko shida. Na yi bismilla da ƙarfi, don in nuna wa kaina ban yarda da zancenta ba. Saiwar ta fito fara, siririya, ko ɗan yatsana ba ta kai ba. Na dube ta a tafin hannuna na ce, yanzu ke ce? Na cike ramukan, na yi wa lambun ban ruwa kaf, na naɗe abina da ganyensa a jiƙaƙƙen buhu, na fita ta bayan shinge kamar ɓarawon da aka ce in zama.

Komawar ba na son tuna ta. Ruwan farko ya sauka muna hanya, mota ta kafe a laka kafin Gushegu, muka yi ta turi har muka kwana a wurin. Ruwan shana nake yayyafa wa buhun, ni ina haɗiyar yawu. A Yendi ban ko tsaya gaida Baba Seidu ba, daga wannan mota na faɗa waccan.

Da hantsi na shiga unguwarmu a Salaga. Tun daga kan kwana na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune, takalma jere. Na ƙarasa wurinsu. Wani ya taso ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri, yau sadakar uku. Zuciyata ta fara lissafin ranar da na sa hannu a fangalin Mma Poko da ranar da Kawu ya cika, na tsawata mata ta bari. Har yau ban ƙarasa wannan lissafi ba, kuma ba na son wani ya ƙarasa mini.

Na shiga ciki na tarar da Mma Hawa a tsakar gida cikin mata. Na durƙusa na ajiye buhun a gabanta. Ta ce, "Ka dawo, ɗana? Duk motar da ta tsaya sai ya ce a leƙa ko kai ne. Daga baya ya daina zancen maganin. Cewa yake kawai, ina Haladu ya zo ya ɗaga ni, ba na son 'ya'yan mutane su gan ni haka." Ta buɗe buhun ta dubi saiwoyin da ganyen da ya fara yaushi. Ta ce abin da aka sha wahala a kansa ba a zubar da shi, tunda don shi aka kawo, to ya tafi a sadakarsa. Ta miƙa wa masu girki, suka wanke, suka yayyanka cikin tukunyar miya.

Bayan azahar aka fito da tuwo. Kwano ɗaya aka haɗa ni da Alhaji Baƙo, wai don ya ba ni baki. Ya yi mini nasiha a kan ƙaddara, ya ce a Makka ma ana mutuwa. Sannan ya yanki loma ya dangwali miya ya kai baki. Ya tauna sau biyu ya tsaya, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Kai, wane irin ganye matan nan suka zuba mana a miya? Wari kamar ciyawar doki."

Na ce, "Baƙdunis ne, Alhaji."

Ya leƙa cikin kwanon, ya ɗago wani ɗan guntu da yatsa yana juya shi a haske.

Ya ce, "Au! Ashe haka yake?"

Ya ture kwanon gefe, ya ce a miƙo masa ruwa ya kurkure bakinsa.